Ƙaurar da rumbun bayanan babban kamfani daga Oracle zuwa PostgreSQL

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina cikin masu kula da rumbun bayanai a wani babban kamfanin rarraba kaya mai rassa a jihohi da dama. Rumbunanmu sun kai 40, duk a kan Oracle suke fiye da shekara 15, jimillar abin da ke ciki ta kai terabayit 12. Da dala muke biyan lasisi, abin ya yi mana nauyi, shi ya sa shugabanni suka ce a koma PostgreSQL cikin wata shida, kuma a yi sauyin a ƙarshen mako guda. Shin hakan zai yiwu? Ta ina za mu fara, kuma me ya fi lalata irin wannan aiki?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta haɗa abu biyu: ko PostgreSQL, injin rumbun bayanai na kyauta, zai iya ɗaukar nauyin da Oracle, injin da kuke biya wa lasisi, yake ɗaukar muku, da kuma ko wa'adin da aka yanke da salon sauyin suna kan hanya. Na farkon, galibi zai iya. Na biyun ne nake jiye muku tsoro. Terabayit 12 ba su ne damuwata ba, domin kwashe su aikin 'yan kwanaki ne. Damuwata shekara 15 ɗin nan ce. A tsawonta manhajojinku sun saba da halayen Oracle, masu rubuta su sun dogara da waɗannan halaye ba tare da sun rubuta hakan a ko'ina ba, kuma da yawansu sun bar kamfanin. Waɗannan halaye su ne ainihin abin da za ku yi ƙaura da shi.

Duba abin da ya sami bankin TSB na Birtaniya. A watan Afrilu na 2018 ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa daga dandalin Lloyds zuwa sabon dandali mai suna Proteo4UK a ƙarshen mako guda. Hukumomin da ke sa ido kan bankuna sun tabbatar daga baya cewa bayanan kansu sun isa lafiya. Sabon dandalin ne ya kasa ɗaukar aikin da aka buɗe wa jama'a. Matsalar ta taɓa dukkan rassan bankin da kaso mai yawa na abokan hulɗarsa miliyan 5.2, al'amura ba su daidaita ba sai a Disamba, shugaban bankin ya sauka, kuma a 2022 aka ci shi tarar fam miliyan 48.65. Kamfanin Amazon kuwa ya raba sashensa na ciniki da rumbunan Oracle kusan 7,500, masu ɗauke da fetabayit 75 (fetabayit ɗaya terabayit dubu ne), ya kashe na ƙarshe a 2019. Shekaru ya ɗauka yana yi, ƙungiya-ƙungiya, hidima bayan hidima. Aikin Amazon ya ninka na TSB girma nesa ba kusa ba, amma bai taɓa ɗora komai a kan dare guda ba.

Ƙidayar abin da ke ƙasa

Kada ku taɓa bayanai tukuna. Ku fara da gano duk wanda ke shiga kowane rumbu, kuma kada ku dogara da zanen tsarin da ke ofis, don ya tsufa. Ku karanta rajistar mai karɓar haɗi ta Oracle, ku riƙa ɗaukar hoton V$SESSION, jerin waɗanda ke haɗe da rumbun a kowane lokaci, a kai a kai na aƙalla wata guda cur, ya haɗa da rufe lissafin ƙarshen wata. A nan ne za ku ga abubuwan da ba wanda ya ambata a taro: takardar Excel ta wani akanta mai jan bayanai kai-tsaye, aikin dare da aka ɗora a kan wata tsohuwar saba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima), mahaɗar da rumbun sito ke leƙa rumbun kuɗi da ita. Rumbuna biyu da ke leƙa juna ta irin wannan mahaɗa, ko dai su tashi tare, ko a gina musu wata gada kafin ɗaya ya tashi.

Daga nan sai ku sa Ora2Pg, kayan aikin ƙaura daga Oracle zuwa PostgreSQL wanda kyauta ne, ya duba kowane rumbu ya fitar da rahoto: tebura nawa, fihirisa (masu saurin nemo layi a tebur) nawa, layin PL/SQL (harshen rubuta dabaru a cikin Oracle) nawa, da ƙiyasin kwanakin aiki. Ku ɗauki ƙiyasinsa a matsayin mafi ƙanƙanta, domin abin da ke cikin rumbun kawai yake gani, ba ya ganin umarnin SQL, harshen da ake yi wa rumbu tambaya da shi, da aka binne a cikin manhajoji.

Ƙidayar za ta raba muku rumbunan. Wasu ba wanda ya taɓa su cikin shekara, waɗannan a adana kwafinsu a kashe. Wasu tebura ne zalla, ba dabaru a ciki, su ne na farkon tafiya. Wasu kuma an zuba dokokin kasuwancin kamfani a cikinsu, dubban layukan PL/SQL masu lissafin rangwame da haraji da bashin dila, waɗannan sake rubutu ne. Akwai rukunin da ba zai tashi ba sam: manhajar da kuka saya wadda mai ita bai yarda a ɗora ta a kan PostgreSQL ba. Oracle E-Business Suite, misali, a kan rumbun Oracle kaɗai yake aiki. In kuna da irinsa, ku gaya wa shugabanni tun yanzu cewa wani ɓangare na kuɗin lasisi yana nan daram.

Inda halayensu suka saɓa

Nan ne aikin yake, kuma nan nake so ka fi zuba ido, domin yawancin waɗannan ba sa fitar da saƙon kuskure. Amsa ce kawai take fitowa ba daidai ba.

Oracle yana ɗaukar rubutu maras komai a matsayin NULL, wato gurbin da ba a sa masa ƙima ba. PostgreSQL yana bambanta su. Ka ɗauki gurbin lambar wayar dila: ma'aikaci ya bar shi fayau, manhaja ta tura rubutu maras komai. A Oracle, rahoton dilolin da ba su da lamba zai kamo shi. A PostgreSQL ba zai kamo shi ba, kuma ba abin da zai yi ƙara. Tsofaffin layukan da aka kwaso za su fito a rahoton, sababbin da aka shigar bayan sauyi ba za su fito ba, sai a wayi gari adadin ya tsaya cak ba wanda ya san dalili.

Nau'in DATE na Oracle yana ɗauke da rana da sa'a har daƙiƙa. DATE na PostgreSQL rana ce kawai. Wanda ya mayar da wannan zuwa wancan don sunansu ɗaya, ya zubar da lokacin kowane ciniki na shekara 15. Timestamp ake mayar da shi. Haka SYSDATE: yana ba da lokacin da aka kira shi, alhali now() na PostgreSQL yana ba da lokacin da ma'amalar ta fara, wato jerin umarnin da ake zartarwa ko sokewa a dunƙule. Aikin dare mai awa biyu a ma'amala guda zai buga wa dukkan layukansa lokaci ɗaya.

NUMBER ma yana buƙatar a bi shi gurbi-gurbi. Idan aka mayar da duka zuwa numeric, lissafi zai yi daidai amma haɗa manyan tebura zai yi nauyi, don haka lambobin shaida integer ko bigint suka dace da su. Sai dai integer yana tsayawa a 2,147,483,647, wato NUMBER mai lamba 9 zai shiga, mai lamba 10 sai bigint. Kuɗi kuwa numeric kawai. Kada wani ya lallashe ku da double precision, nau'in lamba mai ƙiyasi, don sauri, kobo-kobo za su riƙa zamewa har lissafin wata ya ƙi rufuwa.

Akwai wanda ya fi cin mutane. A Oracle, idan umarni ɗaya ya faɗi a tsakiyar ma'amala, shi kaɗai ake sokewa, a ci gaba. Masu rubuta manhaja sun saba su ce a gwada shigar da layi, in aka tarar yana nan sai a sabunta shi. A PostgreSQL kuskure ɗaya yana ɓata ma'amalar gaba ɗaya, duk umarnin da ya biyo baya za a ƙi shi har sai an warware ta. Maganinsa umarnin SAVEPOINT, mai sa alamar da za a koma a tsakiyar ma'amala, ko ON CONFLICT, mai faɗin abin yi in an tarar layin yana nan, amma sai an bi manhajar an zaƙulo duk inda aka yi wannan dabara. Ka ƙara da salon umarni na Oracle irin ROWNUM, CONNECT BY, tsohuwar alamar haɗin tebura ta Oracle, da ƙunshin PL/SQL wanda PostgreSQL ba shi da irinsa. Na'urar juyawa tana rage wannan aiki, ba ta gama shi.

Sai haruffa, wanda ya shafe mu kai-tsaye. Tsofaffin rumbuna da yawa an kafa su da tsarin haruffan Yammacin Turai, irin WE8MSWIN1252, wanda babu ƙ, ɗ, ɓ ko alamar ₦ a cikinsa. Wani lokaci an riga an maye gurbinsu da alamar tambaya tun ranar shigarwa, wannan ya tafi. Wani lokaci kuma manhaja ta cusa su a yadda suke, rumbun bai san me ya riƙe ba, allo yana nuna su daidai. Ranar da aka juya zuwa UTF-8, tsarin haruffan da ya ƙunshi na kowane harshe, sai Ɗanladi ya koma ÆŠanladi a takardar biyan kuɗi. Ku binciki gurabun sunaye da adireshi tun kafin kwasa. Ku kuma nemo harafin sifili, wani ɓoyayyen harafi da ba ya fitowa a allo, da ke maƙale cikin rubutu, Oracle yana karɓarsa, PostgreSQL yana ƙin layin ɗungurungum.

Wurin da sabon rumbun zai zauna

Ba ka faɗi ko a ɗakin sabobinku za ku ajiye shi ko a gajimare, wato sabobin haya na wani kamfani ta intanet, ba. In gajimare ne, a tuna shi ma galibi da dala ake biya, kuma nisa yana da farashi. A ce tafiya da dawowar saƙo tsakanin manhaja da rumbu ta koma milisakan 100 daga ƙasa da 1. Shafin da ke yi wa rumbu tambaya 500 ɗaya bayan ɗaya, wanda da yake buɗewa nan take, yanzu zai ci daƙiƙa 50. Don haka manhaja da rumbunta wuri guda suke zama, in ɗaya ya tashi ɗayan ya bi shi. Ku tuna da yankewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a watan Maris na 2024, wadda ta taɓa Najeriya da maƙwabtanta, ku tambayi kanku yadda rassa za su sayar da kaya a irin wannan rana. Sannan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa waje, lauyan kamfani ya duba wannan kafin a sa hannu a kwangila.

Shawarata, kada ku haɗa sauyin injin rumbu da sauyin wurin zama da gyaran tsarin tebura a tafiya guda. In abu ya lalace ba za ku san wanne ne ya jawo ba.

Kwasar bayanai

Lissafin mai sauƙi ne. Terabayit 12 a kan layi mai gudun gigabit 1 a daƙiƙa zai ci kusan awa 27 in layin ya ba da duk ƙarfinsa, kuma ba ya bayarwa. A kan megabit 100, fiye da kwana 11. Ba a ma zo gina fihirisa ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa rufe kamfani ranar Juma'a a kwashe komai a buɗe Litinin da wuya ya yiwu.

Abin da ake yi shi ne kwasa biyu. Da farko a ɗauki lambar SCN ta Oracle, wadda ke nuna wani takamaiman lokaci a rayuwar rumbun, a kwashe komai yadda yake a wannan lokaci, kamfani yana ci gaba da aikinsa. A zuba da COPY, umarnin PostgreSQL na zuba layuka masu yawa a dunƙule, a rarraba manyan tebura gida-gida, a bar fihirisa da ƙa'idojin alaƙar tebura sai an gama zubawa, don gina su daga baya ya fi sauri ƙwarai. Sannan a kunna na'urar bin sauye-sauye, GoldenGate ko Debezium ko DMS na Amazon, ta karanta rajistar Oracle daga wannan SCN ta riƙa maimaita kowane sauyi a sabon rumbu har ya kamo tsohon, tazararsu ta koma daƙiƙoƙi.

Ga inda yake lalacewa. Dole a kunna ƙarin rajista a Oracle kafin a ɗauki SCN, in ba haka ba na'urar ba za ta san layin da aka sauya ba. Idan kwasar farko ta ci kwana uku alhali ana share tsofaffin rajistoci bayan awa 24, an sami giɓi, sai a sake daga farko. Teburin da ba shi da lambar shaida, sabuntawarsa takan ɓace ko ta ninku, don haka a samar masa tun da wuri. Manyan gurabu masu ɗauke da hotuna da takardu, DMS yana da yanayin da yake datse duk abin da ya wuce iyakar da aka sa masa. Kuma a kashe masu kunna kansu (triggers, umarnin da ke tashi da kansu idan an taɓa tebur) a sabon rumbu muddin ana bin sauye-sauye. In ba haka ba, ciniki ɗaya zai rage kaya a sito sau biyu: ragin da Oracle ya yi aka kwafo, da wanda sabon rumbun ya sake yi da kansa.

Tantancewa da gwaji

Ƙirga layuka shi ne mataki na farko, kuma ba ya isa. Tebur zai iya cika adadinsa alhali an datse sa'o'i ko an ɓata sunaye. A ƙara da jimillar kowane gurbin kuɗi, reshe-reshe kuma wata-wata, da mafi ƙanƙanta da mafi girman kwanan wata, sannan a kwatanta tambarin lissafi na layuka (lambar da ake cirowa daga abin da layi ya ƙunsa) a ɓangarorin biyu bayan an daidaita yadda ake rubuta lamba da lokaci. Gwajin da na fi yarda da shi a aikina shi ne na masu kuɗi: a rufe lissafin wata guda a tsohon rumbu da sabo, shugaban akantoci ya ɗora takardun biyu gefe da gefe, su zo ɗaya har kobo, ya sa hannu.

Gwajin nauyi kuma a yi shi da cikakken bayanai, a kan sabobin da za a yi aiki da su, da yawan masu shiga na ranar da ta fi cunkoso. PostgreSQL yana buɗe wa kowane haɗi aikinsa daban, kuma iyakar da yake zuwa da ita 100 ce. Rassa da yawa suna buɗewa da ƙarfe takwas zai cike, shi ya sa ake sa PgBouncer a gaba, manhajar da ke raba haɗi kaɗan ga masu shiga da yawa. A gudanar da ANALYZE bayan zubawa, don mai tsara tambayoyi ya san girman teburan. Ku ciro tambayoyi 50 mafi nauyi daga Oracle ku gwada su ɗaya-ɗaya, domin alamun jagora da aka cusa musu don Oracle ba sa aiki a nan.

Daren sauyi da hanyar komawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane rumbu mai muhimmanci a gwada sauyinsa daga farko har ƙarshe aƙalla sau biyu, da agogo a hannu, da rubutaccen jadawali mai sunan wanda zai yi kowane mataki. A kauce wa ƙarshen wata, ranar albashi da makon sallah. Kwana biyu kafin ranar a rage wa'adin DNS, wato tsawon lokacin da na'urori ke riƙe adireshin saba kafin su sake tambaya, zuwa kamar daƙiƙa 60, don kada wasu na'urori su ci gaba da zuwa tsohon adireshi.

A daren, a tsayar da manhajoji da ayyukan dare, a kulle asusun shigarsu a Oracle don kada wata ɓoyayyiyar manhaja ta yi rubutu bayan an tashi. A jira tazarar bin sauye-sauye ta koma sifili, a yi gajeriyar tantancewa. Sai a ɗaga masu ba da lambar jeri. Wannan mataki ana yawan manta shi: na'urar bin sauye-sauye tana kwafo layuka amma ba ta matsar da mai ba da lamba, sai rasit na farko da safe ya nemi lambar da aka riga aka bayar, a ƙi shi. A saita kowanne sama da lamba mafi girma a teburinsa. A kunna masu kunna kansu, a juya manhajoji, 'yan ma'aikata kaɗan su yi ciniki na gaske, sannan a buɗe wa kowa.

Kafin a buɗe, komawa abu ne mai sauƙi, Oracle yana nan yadda aka bar shi. Da zarar ciniki na farko ya shiga PostgreSQL, Oracle ya zama tsohon labari, kuma komawa gare shi na nufin zubar da cinikin da aka yi. Don haka ake juya akalar bin sauye-sauye, daga PostgreSQL zuwa Oracle, na mako biyu zuwa huɗu. Ita ma sai an gwada ta, kuma a sa mata ido: idan mai karanta sauye-sauyen ya tsaya, PostgreSQL zai ci gaba da tara masa rajista har faifai ya cika, rumbun ya tsaya. A rubuta tun kafin daren wane ne ke da ikon cewa a koma, da ƙarfe nawa, kuma bisa wace alama. Mutanen da suka kwana biyu ba barci ba sa yanke wannan hukunci daidai, kullum gani suke saura kaɗan su gyara.

Bayan sauyi akwai abin da masu Oracle ba su saba da shi ba. PostgreSQL ba ya goge tsohon layi idan an sabunta shi, yana barinsa sai VACUUM ya zo ya share. Yadda yake zuwa, sai matattun layuka sun kai kusan kashi 20 cikin 100 na tebur kafin sharar ta tashi da kanta. A tebur mai layi miliyan 500, wannan layi miliyan 100 ke nan. A rage wannan ma'auni ga manyan tebura, a hana ma'amala zama a buɗe na sa'o'i, kuma a gwada dawo da rumbu daga ajiyar kariya tun kafin a buɗe shi ga jama'a. Ma'aikatanku su sami horo a kan wannan tun farkon aikin.

Game da wa'adin wata shida, ban ga rumbunanku ba, kuma yawan PL/SQL da ke cikinsu ne zai yanke magana. Amma ga abin da nake ganin za ka iya kai wa shugabanni. Wata biyu na farko na ƙidaya ne. Kafin cikar wata shida a kashe matattun rumbuna, a ƙaurar da masu sauƙi, a fara da wanda in ya tsaya kwana guda ba za a rufe reshe ba. Rumbun ciniki da na kuɗi su zo ƙarshe, kowanne da darensa, kuma ba mamaki su kai shekara ko fiye. A sa a kasafi cewa za a biya kuɗin dandali biyu a lokaci guda na tsawon watanni. A duba ranar sabunta kwangilar Oracle da sharuɗɗan rage lasisi, domin kashe rabin rumbuna ba lallai ya rage rabin kuɗi ba. Kada a kashe Oracle na kowane rumbu sai an rufe lissafin wata aƙalla sau biyu a sabon, kuma a ajiye kwafinsa na ƙarshe, wanda aka gwada aka ga yana buɗuwa, har tsawon shekarun da masu binciken kuɗi da hukumar haraji za su iya nemansa.